Takardar Gwaggo Husaina

Gummi, 7 ga Sha'aban, 2003

Zuwa ga Malam Sanusi, makarantar firamare, Bukkuyum.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Sa'a da yara. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Bayan gaisuwa, taubashi, nemi wuri ka zauna, wagga takarda ba ta karantawa a tsaye ba ce.

Ka san ni. Na bar Anka ina aji uku na sakandare, da riga ɗaya da takalmin roba, ba wanda ya raka ni tasha. Na yi shekara huɗu a Gusau ina riƙe wa wani ƙarfe yana walda, tartsatsi na cin hannuna, ba tabarau, ba safar hannu. Injina na farko da gumina na saye shi. Na shigo Gummi ban san ko mai sayar da ruwa ba, yau ka tsaya inda kake so cikin garin ga ka jefa tsakuwa, ƙofar da za ta buga ni na ƙera ta. Na gina gida ɗaki biyar. Na yi aure ba wanda ya kai mini goro ɗaya. Na je Makka na dawo. Mutum goma sha ɗaya sunka koyi sana'a a hannuna. Ƙofar ƙarfe da tagogi biyu na ɗakin mata a masallacin unguwarmu ta Anka, inda mahaifiyarka Gwaggo Husaina ke shiga i'itikafi, ni na ƙera, ni na ɗauko, ni na kafa, ban tsaya jiran a sa mini albarka ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Duk zuriyar kakanninmu ba wanda bai san takardar Gwaggo ba. Kowane Sha'aban kai ke sake rubuta ta, ka ƙara jarirai, ka mai da waɗanda sunka rasu bayan shafi. In ta shiga ɗakin nan a goman ƙarshe na azumi, kullum bayan la'asar a karanta mata sunaye ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa mai suna addu'a, matan da ke tare da ita su ce amin. Shekara goma sha tara ana haka.

Makon jiya matata Fa'iza ta kai jaririyarmu Muhsina Anka don Gwaggo ta gan ta, a kuma sa ta cikin takardar bana. Gwaggo ta miƙo mata ta bara ta duba. Fa'iza ta karanta gaba, ta karanta baya. Ga sunanta. Ga na ɗana Abdulbasit. Ga Ɗantani, wanda ya sayar da san noman ubansa ya ce kura ta cinye, shi ne na huɗu. Ni babu. Ba ni cikin masu rai, ba ni cikin matattu.

Gwaggo ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. Hannunka ne ke bisa takardar nan daga sama har ƙasa. In mantuwa ce, ka ce mantuwa ce, ka gyara, in yi kamar ban ji ba. In wani abu ne, ka faɗa mini ido da ido. Ka ba Shitu direba amsa, kullum yana biyowa ta gaban shagona.

Naka,
Alhaji Namadi Maiwalda

*

Bukkuyum, 11 ga Sha'aban

Zuwa ga Alhaji mai ƙofofi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai Sa'a da ta yi ɗan zazzaɓi, ta kuma ji sauƙi. Allah ya raya Muhsina, na riga na sa ta, ita ce ta hamsin da uku.

Na samu takardarka, na kuma zauna kamar yadda ka umarta. Tarihinka ya iso lafiya. Karo na tara ke nan da na ji shi, saura kaɗan in haddace in riƙa koya wa 'yan aji shida. Takalmin robar nan dai, taubashi, da za ka ba ni shi da na rataye a ofishin hedimasta.

Maganar suna kuwa, ba mantuwa ba ce. Ba zan yi maka ƙarya ana shirin shiga azumi ba. Wanda ya cire sunan ya san abin da ya sa ya cire, kuma shekara biyu ke nan yana jiran ranar da za ka lura. Har an fara cewa ba za ka taɓa lura ba, tunda ba ka saba duba abin da ba naka ba.

Ba magana ce ta takarda da biro ba. Ka zo Anka da ƙafarka kafin a ga wata, ka tuɓe takalmi, ka zauna ƙasa, ka tambaya. Iyakar abin da aka yarje mini in faɗa ke nan.

Wani abu kuma. Rubutunka ya riƙa gangarowa daga kan layi kamar akuyar da ta ga dawa. Da can ba haka kake rubutu ba. Gaggawa ce ko fushi?

Taubashinka,
Sanusi

*

Gummi, 15 ga Sha'aban

Sanusi,

Sallama. Lafiya muke. Allah ya ƙara wa Sa'a sauƙi, ita ba ta yi mini komai ba.

To, ka amsa da bakinka. Ka cire, ka san abin da ya sa ka cire, ka kuma yi shekara biyu kana laɓe kana jira, kamar mai haƙon ɓera. Ni ma na san abin da ya sa. Tun ranar da na sauka daga jirgi anka fara ce mini Alhaji fuskarka ta canza. Mu biyu munka tashi tsakar gida ɗaya, kai ka samu mai biya maka karatu har kwaleji, ni ban samu ba, amma ga inda kowa ya tsaya. Wannan ne ke cin ka. Ba ka iya taɓa shagona ba, ba ka iya taɓa gidana ba, sai ka bi ta wurin tsohuwar da ba ta iya karatu, ka sace ni daga bakinta.

Wai in zo in zauna ƙasa. Gaban wa? Gaban mai alli?

Saurara da kyau. Kafin ɗaya ga azumi ina son in ga takardar bana a hannuna, da sunana cikinta. In wata ya tsaya ban gani ba, to abin da hannuna ya kafa, hannuna na iya cirewa. In ba a kira Namadi cikin ɗakin nan ba, ba za a kira kowa ba. Ka san ban taɓa faɗin abu in fasa ba.

Rubutuna kuma bai shafe ka ba. Biron ne ba shi da kyau.

Namadi

*

Bukkuyum, 24 ga Sha'aban

Namadi,

Sallama da fatan alheri. Na je Anka na dawo jiya, Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwa da ta saba.

Ka karanta takardata da fushi, ka ga abin da babu. Inna ta hana ni faɗa, amma gara in saɓa mata da in bari ka yi abin da za a daɗe ana ba da labari.

Ba ni na cire ka ba. Ita ce.

Tuna ranar sunan Abdulbasit, a zauren gidanka. An ci an sha, tsoho Gidaɗo ladanin unguwarmu ya dubi ginin ya ce, "Namadi, addu'ar Husaina ta kama ka." Me ka ce masa? Ka ce, "Baba, addu'a ba ta riƙe ƙarfe. Da addu'ar Gwaggo na aiki, da ɗanta ba bisa keke yake yawo ba." Zaure ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi. Abin da ba ka sani ba, Inna na bayan zana cikin mata, tana riƙe da jaririn naka. Ta ji duka. Ta gama cin tuwonka, ta sa maka albarka a bakin ƙofa, ta hau mota. Da Sha'aban ya zo na zauna rubutu, na kai kanka, ta ce, "Tsallake wanga. Yac ce ba ya ci, kar mu ɗura mai."

Na ce ta yi haƙuri, wasan taubasai ne. Ta ce ita ba taubashiyarka ba ce.

Ba zan ɓoye maka ba, da na tsallake ka ban ji nauyi ba. Maganar keken nan ta zauna mini. Amma umarni nata ne, kuma abin da take jira bai fi ka zo ka durƙusa ka ce ka yi kuskure ba. Minti biyar ne.

Kada ka taɓa ƙofar nan. Ɗakin yana kallon hanyar kasuwa, ka fi kowa sani. Mata shida ke shirin shiga bana, har da Sa'a, karonta na farko.

Sanusi

*

Gummi, 9 ga Azumi

Sanusi,

Barka da shan ruwa. Muna lafiya.

Na ba ka kwana goma sha biyar, na ƙara maka takwas don albarkacin wata. Ko layi ɗaya ba ka aiko ba. Shiru ma amsa ce, na kuwa karɓa.

Jiya na ɗauki a-kori-kura da guduma da kurfi na tafi Anka. Na isa bayan azahar, rana tsaka, don kada wani ya ce da sata na zo. Siminti na da kyau, ni na kwaɓa shi, sai da na yi gumi kafin ya saki. Gidaɗo ya fito daga alwala yana salati.

"Namadi, mi kaka yi haka?"

Na ce, "Kayana nika ɗauka, Baba."

"Abin da kab ba Allah?"

Na ce, "Allah na ba, ban ba Sanusi ba."

Ya ce in bari a kira Liman. Na ce a kira Liman da na'ibinsa. Kafin su iso na ɗaure ƙofa da tagogi bayan mota. Mutane sun taru suna kallo, ba wanda ya iya riƙe mini hannu. Ban shiga gidan Gwaggo ba, don ban so in ɗaga mata hankali da abin da ɗanta ya jawo. Kai za ka yi mata bayani.

Ga ƙofar nan jingine cikin shagona, na shafa mata sabon fenti. Ranar da takarda ta zo da sunana, ranar za ta koma. In ba ta zo ba, ka ɗauki takardarka ka karanta wa 'yan aji shida su ce maka amin.

Ramuwar gayya, taubashi, ka san sauran.

Alhaji Namadi

*

Bukkuyum, 14 ga Azumi

Namadi,

Barka da shan ruwa, in kana jin daɗin sha.

Na amsa maka tun ashirin da huɗu ga Sha'aban. Motar Shitu ta lalace a garin Ɗaki Takwas, ta yi kwana goma sha tara hannun bakanike, takardata na cikin aljihun gaban mota tare da rasit da ɓawon gyaɗa. Yau ya zo yana ba ni haƙuri. Na ce ya kai maka ita tare da wannan. Ka fara karanta waccan, sannan ka dubi ƙofar da ka shafa wa fenti.

Ga abin da ka shuka. Liman ya duba ɗakin, ya ce mata ba za su kwana goma a wurin da duk mai wucewa kasuwa zai leƙa ba. An gwada zana, awaki suka cinye gefe ɗaya kafin la'asar. Ya ce bana babu. Sa'a ta ɗinka sabon hijabi tun Rajab, ta roƙi ƙanwarta ta zo ta riƙe mata yara. Da na gaya mata, sai ta ninke shi ta sa a akwati. Akwai wata tsohuwa cikinsu da ta ce ba ta jin za ta ga azumin baɗi. Waɗannan ka rama a kansu, ba ni ba. Ni namiji ne, in na so shiga i'itikafi babban masallaci na nan a buɗe.

Inna kuwa, ka san nata ba na ganin dama ba ne. Bakance ta yi wa Allah shekarar da Baba ya rasu, cewa muddin tana iya tsayuwa ba za ta bar goman ƙarshe a gida ba. Na tafi ina tsoron yadda zan same ta. Na tarar tana tankaɗe. Na faɗa mata komai, har da abin da ka ce wa Gidaɗo. Ta gama tankaɗen da ke gabanta. Can ta ce, "Yaron ga ya iya aiki. Ko bango bai fasa ba, an ce." Sai ta ce a wanke mata tabarmarta da butarta.

Na ce, "Inna, ina za ki da su?"

Ta ce, "Kai dai sake rubuta takarda, ka ƙara baƙi shi yi girma."

Na rubuta. Ba ka ciki. Tsuntsun da ya ja ruwa, Alhaji, shi ruwa kan doka.

Sanusi

*

Gummi, 25 ga Azumi

Sanusi,

Sallama. Yara lafiya. Ni ma da sauƙi.

Na karanta takardunka biyu. Ba zan ce komai kan ta farko ba, sai dai Shitu ya kiyayi gaban shagona.

Kai ka san abin da uwarka ta shirya, kada ka ce mini ba ka sani ba. Ranar ashirin ga wata, la'asar sakaliya, ina tsaye ina yanka ƙarfe, sai ga mota ta tsaya gaban masallacin da ke jikin shagona. Masallacin da nake sahun gaba, wanda nake cikin kwamitinsa. Gwaggo ta sauko da tabarma da buta da ƙullin kaya. Ko inda nake ba ta duba ba. Ta aika a kira Limaminmu, ta ce masa, gaban duk masu jiran shan ruwa:

"Malam, ni ce gwaggon Namadi. Na ji an ce ƙohwata ta taho Gummi, shi na biyo ta. A ba ni wuri cikin mata. Abinci kuwa, ina da ɗa garin ga, ba ni rasawa."

Kafin magariba ta shige. Kafin isha'i babu gidan da labari bai kai ba.

Ka ga irin ramin da ta gina mini? Mai i'itikafi ba ya fita neman abinci, danginsa ke kai masa, kuma duk Gummi ba ta da kowa sai ni. In na hana, a ce ya cire ƙofar masallaci ya kuma bar gwaggonsa da yunwa. In na kai, ina ciyar da bakin da ya ƙi kiran sunana. Ina kaiwa. Kunu da ƙosai, fura da nono, har hoce ta aiko a yi mata, wai na Gummi ya fi na Anka. Kwano na dawowa a siɗe. Ba saƙo, ba sannu.

Wannan duk mai sauƙi ne. Liman ya zo da kansa ya roƙe ni in riƙa kashe inji bayan la'asar, wai ƙara na hana bayin Allah jin addu'a. Na kashe. To ka san wa ke karanta mata takarda? Cikin matan da ke ɗakin babu mai boko. Fa'iza Gwaggo ta aika a kira. Matata, Sanusi. Tagar ɗakin na kallon shagona, taku bakwai ne, ni na auna ta na ƙera ta. Kullum ina zaune bisa benci, inji a kashe, ina jin muryar matata tana jero zuriyarmu. Ta kira, Gwaggo ta yi addu'a, mata su ce amin. Kai ne na uku. An roƙa maka ƙarin girma wurin aiki. An roƙa wa Ɗantani shiriya. An roƙa wa Abdulbasit albarka, anka ce Allah ya sa ya fi ubansa ladabi, mata sunka ce amin da ƙarfi har da dariya. Makwabtana masu faci da masu kafinta duk sun bar aiki, sun zo sun zauna kusa da ni, wai suna shan inuwa.

Rana ta uku Fa'iza ta yi ƙarfin hali. Bayan sunanta ta ce, "Namadi." Na ji da kunnena. Na riƙe bencin nan har farcena ya shiga katako. Sai muryar Gwaggo, a hankali:

"Ɗiyata, karanta abin da ag ga takarda. Abin da babu, babu."

Na je bakin taga na yi sallama. Wata ta leƙo ta ce Gwaggo ta ce ta shigo ganawa da Ubangijinta ne, maganar duniya sai an ga wata.

Kada ka ɗauka na karaya. Ƙofa na nan inda take. Amma tunda ka tambayi rubutuna, bari in faɗa maka don kada ka ji a bakin wani. Idon hagu ya rufe, yanar ido ce ta hau shi. Na dama ya fara hazo. Raphael na kyamis ya haska da tocila ya ce in tafi Sakkwato bayan salla a yi aiki, kada in ƙara wata guda. Ya ce hasken walda ne na shekaru. Wataƙila. Ni dai na san shekara ashirin ina kallon wutar nan ba abin da ya same ni, sai azumin da anka fara tsallake ni.

Ka gaya wa kowa, ka ga abin da zan yi maka.

Namadi

*

Bukkuyum, 28 ga Azumi

Namadi,

Sallama. Muna lafiya. Allah ya ba ka lafiyar ido, wannan da zuciya ɗaya na faɗa. Ban gaya wa kowa ba, ko Sa'a.

Wallahi ban san Gummi za ta ba. Da na sani ma da ban hana ta ba. Na karanta zancen bencin nan sau uku, azumi kawai ya hana ni yin dariyar da ta kamata.

Kada ka ɗora wa Inna ciwonka. Ba ta taɓa roƙa maka sharri ba, ni shaida ne. Shiru kawai ta yi. In shirun tsohuwa ɗaya ya isa ya rufe maka ido, to ashe addu'a na riƙe ƙarfe.

Ka tare ta ranar salla. Ba ta fitowa da ganin wata, sai da safe, daga ɗakin ta wuce filin idi. Duk abin da ta ce shi za a yi. Amma ka sani, ko ta yafe, biro a hannuna yake, kuma ni ma ina da tawa. An yi mini dariya a zaurenka, an sa matata ta ninke hijabinta. Ba na cewa ba zan rubuta ba. Ina cewa ban yanke ba tukuna.

Sanusi

*

Gummi, 3 ga Shawwal

Malam Sanusi,

Barka da salla, Allah ya maimaita mana. A gai da Sa'a. Fa'iza ke rubuta wannan, ni ke faɗa, don layin ya daina tsaya mini. In ka ga wata magana mai laushi, tata ce, ba tawa ba.

Na tare ta. Tun hantsi bai yi ba ina bakin ƙofar ɗakin da sabuwar riga, mutane na wucewa idi suna rage tafiya. Ta fito tana dogara sanda. Na durƙusa. Eh, na durƙusa, ka rubuta a allo in kana so. Na ce, "Gwaggo, barka da fitowa."

Ta ce, "Wa ka magana?"

Na ce, "Namadi ne."

Ta ce, "Wane Namadi? Wanda ya yi kansa da kansa?"

Ta kama haɓata ta ɗaga fuskata sama kamar yaron da za a duba wa haƙori. Ta daɗe tana kallon idon nan.

"Tun yaushe?"

Na ce tun bara waccan.

"Kuma kab bari har yak kai haka, don kar a ce ka nemi wani abu wurin wani."

Na ce, "Gwaggo, na yi kuskure ranar suna. Ki mai da ni."

Ta ce nata ya wuce, hocen Gummi ya biya. Ta ce ranar Asabar za ta fara azumin shida na Shawwal, kuma in ɗakin Anka na da ƙofa za ta shige shi har ta gama, ita da duk matar da anka hana bana. Ta ce takarda za ta bi, yadda ta saba, ba ta ƙari ba ta ragi. "Wanda ar rubuce shi nika kira. Alƙalami na ga ɗana. Shi kaz zaga gaban mutane, can za ka nema."

Jiya na mai da ƙofa. Kada ka ɗauka don kai ne. Ga ɗakin nan na auna ta, ba ta shiga ko'ina, tana tare mini wuri cikin shago. Da laluben hannu na daidaita ta, na kwaɓa siminti, Gidaɗo na riƙe mini da ruwa yana ta surutu. Ka je ka tura ta da yatsa ɗaya, in ta yi ƙara ka ce ba ni na kafa ba. Ka gaya wa Sa'a ta fiddo hijabinta.

Saura kai.

Maganar keke. Na faɗa, an ji, ba ta komawa ciki. Keken nan sau uku ina yi masa walda, ƙarfensa na da kyau, irinsa ba ya samuwa yanzu. Kuma mai shi bai taɓa hawansa zuwa ƙofar wani don roƙo ba, na sani. Iyakar abin da za ka samu daga wurina ke nan, kada ka jira ƙari.

Ranar Talata za a shiga da ni aiki a Sakkwato. Raphael ya ce galibi ana dacewa. Galibi, ya ce. Talatar nan Gwaggo na cikin ɗaki, kwana na huɗu, kuma bayan la'asar za a karanta takarda ko ina ciki ko ba ni ciki.

Ba roƙonka nake ba. Jinin kakan da ya haifi uwarka shi ne a jikina, wurin nan haƙƙina ne tun kafin ka iya riƙe alli. Ka ɗauki biro mai kyau, baƙi, ba ja ba. Kada ka maƙala ni can ƙasa bayan jarirai, kada ka matse ni a gefe kamar gyaran jarrabawa. Ka sake takardar daga farko, ka mai da ni inda nake da, tsakanin kai da Ɗantani. Ba na son Alhaji, ba na son Maiwalda, ita ba da su ta san ni ba. Namadi ɗan Abdulƙadir.

Kuma kada ka ba Shitu. Ka hau keken nan naka zuwa bakin titi, ka shiga mota, ka kawo mini da hannunka ranar Juma'a kafin ka wuce da ita Anka. Ka yi baƙin manya, yadda ka yi wa Gwaggo. Ina so in gani da idona na dama tun yana gani, don bayan Talata ban san abin da zan gani ba.

Ka rubuta sunana, Sanusi.

Namadi ɗan Abdulƙadir